Muhawara: Shin Karen Jamus Ya Fi Karen Gida Iya Gadi?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Na tare a sabon gidana da ke bayan Rigachikun, inda har yanzu kangaye sun fi gidajen da aka shiga yawa, kuma sau biyu ana haura mini katanga da dare ana kwance batirin sola. Na yanke shawarar ajiye kare. Mai sayar da karnuka ya dage cewa karen gida haushi kawai ya iya, in dai gadi ake so sai German Shepherd, wato karen Jamus, wanda muke kira karen 'yan sanda. Maƙwabcina mafarauci kuwa ya ce in zo in zaɓi kwikwiyo ɗaya cikin na karyarsa kyauta. Yarana uku, babbansu shekararsa 9. Ina neman shawararku.

Kawu Sale: Wa alaikumus salam. Ɗana, mai sayarwar nan ciniki yake nema, amma a wannan magana gaskiya ya faɗa. Tun 1899 wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya fara tace wannan iri domin kiwon tumaki, kuma abin da aka zaɓa a cikinsa shi ne ya ji umarni ya tsaya a kansa. Shi ya sa 'yan sanda da sojoji suka riƙe shi. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40, ganinsa kaɗai a tsakar gida ya isa ya sa mai haura katanga ya sake tunani. Karen farauta kuwa daji ne a ransa, da ya ga ƙofa a buɗe ya bi bola da 'yan uwansa.

Maman Ummi: Kawu, a yi mini afuwa, ni na riƙe karen Jamus shekara biyu a Barnawa, kuma ban ji da daɗi ba. Gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi, saboda haka daga Maris zuwa Afrilu yini yake kwance a gindin tankin ruwa, harshe a waje, ko tuwo ba ya kallo sai bayan magariba. Da damina ta sauka sai kaska ta cika masa kunne da tsakanin yatsu, ba a ganinta sai an tona gashin da hannu. Kullum da safe sai mun share gashi kamar an yi aski a gidan. Ga abinci: ba ya rayuwa da ƙanzo da ragowar miya, sai an je kwata an sayo kai da ƙafa an dafa masa da shinkafa, tukunyarsa daban.

Kawu Sale: 'Yata, wannan kukan kula ne, ba kukan gadi ba. Doki ma yana cin kuɗi, amma ba a ce jaki ya fi shi gudu ba.

Dokta: Kawu, ina ganin a nan ne muhawarar take, wato me ake nufi da gadi. Ɓarawon batiri ba faɗa ya zo yi ba, abin da yake tsoro shi ne a farka, kuma wajen jin motsi da tayar da gida babu karen da ya fi namu na gida. Biyayyar da ake yaba wa karen Jamus ba da ita ake haihuwarsa cikakkiya ba, sai an ba shi horo tun yana ƙarami, an saba masa da yara da baƙi, ana fita da shi yawo kullum. Idan aka ɗaure shi da sarƙa ko aka kulle shi a keji yini guda, kamar yadda yawancin gidaje ke yi, yakan zama mafaɗaci, kuma wanda zai fara ciza ba ɓarawo ba ne, almajirin da ya shigo ɗaukar kwano ne ko mai kawo ruwa. Irin kuma an san shi da ciwon ƙugu na gado, wanda ke sa ƙafafun baya su yi rauni, ga shi masu sayarwa da dama ba sa nuna uwa da uba, har ruwa biyu ake sayarwa da sunan na asali.

Malam Habu: Tunda akwai iyali a gidan, bari in ƙara wannan. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata ta gaskiya. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma idan ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. To karen Jamus mai son manne wa mutane ne, yana so ya shiga falo, yayin da namu ya saba da kwana a waje.

Baban Sadiq: Dokta, idan na ɗauki na maƙwabcin, ke nan na huta da zuwa asibitin dabbobi?

Dokta: Ko kaɗan. Juriyar zafi da kaska ba ta hana ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. A yi masa allurar rigakafi yana da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura. Kafin nan akwai rigakafin parvo, cutar amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, sai maganin tsutsar ciki. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Yawon da Kawu ya ambata gaskiya ne, maganinsa ƙofa a rufe da kuma fiɗiya.

Kawu Sale: Ban sauka daga ra'ayina ba. Duk wanda ke da fili da lokaci da abin ciyarwa, karen Jamus ya fi. Amma kai da kake fita tun asuba zuwa Kasuwar Barci ba ka dawowa sai isha'i, wa zai ba shi horon?

Baban Sadiq: Babu kowa, Kawu, sai uwar yara, ita kuma ta riga ta ce ba za ta ɗora wa kare tukunya ba. Gobe bayan la'asar zan shiga wurin maƙwabcin in ga karyar da idona, in ga yadda take yi idan yara suka matso kusa da 'ya'yanta.