Neman shawara: likita ya ji ƙara a zuciyata, ni kuma soja nake son shiga

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 21, a Zariya na tashi. Tun ina firamare nake tsayawa bakin titi ina kallon kuratan Daffo, makarantar horar da sababbin sojoji, suna gudun asuba suna waƙa, har yau kuwa ban taɓa sha'awar wani aiki ba in ba kaki ba. Burina in na fita daga Daffo in nemi horon dakarun musamman na Buni Yadi, ko na masu dirowa da lema a Jaji.

Wata biyu da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da ni. Likita ya ɗora mini abin sauraren ƙirji, ya daɗe bai ɗaga ba, sannan ya ce yana jin wata ƙara a tsakanin bugun zuciyata, kamar iska na fita ta ƙaramar kafa. Ya rubuta mini in je a yi hoton zuciya, wanda suke kira eko. Wallahi tsoro ya hana ni zuwa, takardar tana cikin akwatina. Kullum ina gudun kilomita 5, ba haki ba ciwon ƙirji. Shekarun ɗauka sun kusa wuce ni. In yi shiru in tafi tantancewa, ko yaya zan yi?

Ɗan Tudun Wada:
Mutumina, kai da ke gudun kilomita 5 me ya same ka? Ka kama bakinka kawai. Ranar tantancewa mutum dubu ne a layi, wa zai tsaya sauraren ƙirjinka da kyau?

Tsohon samanja:
Ɗan Tudun Wada, ka ji tsoron Allah, ran ɗan mutane kake wasa da shi.

Ɗana mai tambaya, na ci kaki har na yi ritaya, ka saurare ni. Gudun da kake yi da sanyin safiya, cikinka da koko, ka koma gida ka yi wanka ka huta, ba shi ne gudun Daffo ba. Can wata shida za ka yi. Za ka yi gudu da takalmin soja, kaya a bayanka, bindiga a hannu, barcin jiya bai ishe ka ba, rana kuma ta take. In ka gaji ba mai ce maka sannu, kai ma kunyar abokai ba za ta bar ka ka tsaya ba. Na dakarun musamman kuwa an tsara shi ne don a kai mutum ƙarshen ƙarfinsa a ga abin da ya rage masa. Idan akwai rauni a zuciya, a nan zai fito, a daji, nesa da asibiti.

Kuma likitocin soja suna sauraren ƙirji, aikinsu ke nan. In ka tsallake na farko akwai wani gwajin a gaba. Wanda aka gano ya ɓoye cuta, sallamarsa ake yi, ya koma gida ba kaki ba mutunci.

Likita a Kano:
Malam, ka kwantar da hankalinka tukuna. Ƙarar da aka ji sauti ce kawai, ita kanta ba cuta ba ce. Jini in yana wucewa ta cikin zuciya da sauri ko da hargitsi, yana yin wannan sautin, kamar ruwan famfo in an matse bakin tiyo. Yara da matasa da yawa suna da ita alhali zuciyarsu lafiya lau. Zazzaɓi na kawo ta, ƙarancin jini na kawo ta, masu juna biyu ma ana ji musu. Kai kuma a tsakiyar zazzaɓi aka saurare ka, don haka mai yiwuwa yau in an sake saurara ba za a ji komai ba.

Sai dai akwai irin da ke nuna matsala ta gaske, kuma kunne kaɗai ba ya iya raba su ko yaushe. Wani bawul ɗin zuciyarsa ne, wato murfin da ke hana jini komawa baya, ya tsuke ko yake yoyo. A ƙasarmu wannan yakan samo asali daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa da kyau ba, daga baya ya bi gaɓoɓi ya taɓa zuciya. Wani da 'yar ƙofa aka haife shi a bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Wanda ya fi ba mu tsoro ga mai shirin horo mai tsanani shi ne kaurin tsokar zuciya, wanda ake gado. Mai shi zai iya zama ƙaƙƙarfa, ba ya jin komai, har ranar da zai faɗi. Shi ne ya kashe Marc-Vivien Foé na Kamaru a filin wasa a Lyon, ranar 26 ga Yuni 2003, ana tsakiyar karawa da Kolombiya, yana ɗan shekara 28. Ƙwararren ɗan ƙwallo ne da ya fi mu duka gudu. Shi ya sa kilomita 5 ɗinka ba hujja ba ce.

Eko ba allura ba yanka. Irin na'urar da ake duba masu ciki da ita ce, a shafa maka mai a ƙirji, cikin kamar rabin awa an gama. Kana Zariya, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da kai. Ka nemi a haɗa maka da gwajin bugun zuciya da na yawan jini. Kafin nan ka amsa wa kanka: ka taɓa suma ko ganin jiri kana cikin gudu? Zuciyarka na yin fat-fat haka kawai? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciyarsa a danginku? In ɗaya daga ciki e ne, ka dakatar da gudun har a duba ka.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, abu ɗaya zan ƙara. In sakamako ya fito lafiya, ka roƙi likitan zuciyar ya rubuta maka rahoto da hatiminsa, ka riƙe kwafi. Ranar tantancewa hukunci na likitocin soja ne, amma wanda ya zo da rahoto a hannu ba ɗaya yake da wanda aka ji wa ƙara ya tsaya yana inda-inda ba. Kuma don Allah ka gaya wa mahaifiyarka. Ita ta san ciwon da ka yi kana yaro.

Ɗan Tudun Wada:
Baba samanja, a yi mini afuwa, ban san abin ya kai haka ba. Na janye maganata.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Likita, ban taɓa suma ba. Amma jiya da dare na tambayi Inna, ta ce ƙanen babana ya rasu a gona yana noma, bai kai talatin ba, kuma ba wanda ya san dalili. Ban taɓa jin labarin ba sai jiya. Na ajiye gudun, na ciro takardar daga akwati, Litinin da safe yayana zai raka ni Shika. Ku sa ni a addu'a.

Likita a Kano:
Allah Ya sa a ji alheri. Ka faɗa wa likitan labarin baffan naka tun kafin ya ɗora maka na'ura, kada ka jira sai ya tambaya.