AutoCAD ya ƙi sauka a kwamfutata

Mai_Zane_Kawo: Assalamu alaikum. Jiya a shagona na Kawo ina saka AutoCAD 2024, manhajar zanen gini, a kwamfutar tebur, saura kaɗan ya gama aka ɗauke wuta. Tun daga nan in na sake gwadawa, lambar kuskure 1603 kawai yake nuna min. Ga zanen gidan wani Alhaji, Litinin zai zo karɓa.

Ɗan_Barnawa: Malam, guntayen fayilolin da ya bari jiya ne suka tare hanya. Cire su tas, ka share abin da ke cikin %temp% (ma'ajiyar fayilolin wucin gadi), ka kashe ka kunna, sannan ka sake.

Injiniya_Tudunwada: Windows ɗinka 64-bit ne? Tun na 2020 AutoCAD ba ya hawa 32-bit.

Mai_Zane_Kawo: 64 ne, Injiniya.

Injiniya_Tudunwada: To sabunta Visual C++ ma, wato manhajar Microsoft da AutoCAD ke buƙata. Kuma don Allah tayar da janareta kafin ka fara.