Taƙaitawa kan naman kazan da aka gani a kan suri

To jama'a, an tambaya yadda za a gane ko naman kazan nan na ci ne ko mai guba, ga abin da na tsinta daga amsoshin mutane:

1. Kusan kowa ya ce a tono shi har ƙasa, kar a fizge. Na suri, wato Termitomyces, yana da doguwar jijiya da ke nutsawa cikin gidan gara, in kuwa aka ga kumburi kamar jaka a gindi to a ajiye, mai yiwuwa irin naman kazan da ake kira Amanita ne, wasunsa na kisa.
2. A kife hular naman kazan kan farar takarda ta kwana, a duba launin ƙurar da ta zubo. Ƙurar na suri ja-ja ce, kore kuwa guba.
3. An rabu kan gwajin cokalin azurfa da albasa, wato a dafa su tare da naman kazan a ga ko za su canza launi in akwai guba, wasu sun rantse yana aiki, mafi yawa sun ce camfi ne, ni ma haka.
4. Hoton waya kaɗai bai isa ba, a kai wa masana.