Duro a wasan ces: kunnen doki ko babu kisa?

Jama'a, ku taya ni duba wata kalma. Jiya da la'asar muna gindin darbejiya a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, ana buga dara, sai ƙanena ya nuna mana wasan ces (wasan allo ne irin dara, kowa na neman ritsa sarkin abokin karawarsa) a wayarsa: gasar duniya ta 2018 a Landan, Magnus Carlsen ɗan Norway da Fabiano Caruana ɗan Amurka. Wasa 12 suka yi, kowanne aka tashi duro. Sai da aka koma wasan gaggawa sannan Carlsen ya ci 3 a jere.

Kawu ya ɗago kai daga kan dara ya ce, "Kai yaro, shi duron nan ba shi da suna a Hausa?"

Nan take aka ce kunnen doki, wani ya ce canjaras. A ƙwallo sun zauna daram, domin akwai abin ƙirgawa, an ci ɗaya an rama ɗaya. To a ces me za a ƙirga? Mutum zai iya fin abokin karawarsa 'ya'ya a kan allo, amma idan ya kasa ritsa sarki, rabin maki kowa zai ɗauka. Kunnuwan doki kuwa tsawonsu ɗaya.

Ni filin dambe nake ganin ya kamata mu je aro. Idan an yi turmi uku ba wanda ya kai ƙasa, cewa ake an tashi babu kisa, ko da ɗaya ya sha naushi ya ƙoshi. Haka ces take, a kan sarki ake yin ta, kuma kalmar ta ɗauki duk hanyoyin: ko 'yan wasa su shirya su miƙa wa juna hannu, ko allo ya maimaita zama iri ɗaya sau 3, ko kowa ya yi taku 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa ƙaramin soja (mafi ƙanƙanta a 'ya'yan ces) ba.

Guda ɗaya ce nake so a ba ta sunanta daban: taku ya zo kanka, ba a kai wa sarkinka hari ba, amma duk inda ya taka halaka ce, sauran 'ya'yanka kuma ba mai motsi. Kawu ya ce wannan ai turke ne, an ɗaure rago ba a yanka ba. Wallahi ta kwanta mini.

Mutanen Haɗejiya da Gumel, idan dara ta cije a wajenku, me dattawa ke cewa?