Amfilifaya da Hausa: na tsaya a kan "maninki", ga dalilina

Salam 'yan uwa. Na dawo kan maganar da na jefa ran Talata ta neman sunan amfilifaya da Hausa, wato na'urar nan da ke ɗaukar ƙaramar siginar lantarki ta mayar da ita babba, amsoshi sun yi yawa wallahi har na kasa bin kowa ɗaya bayan ɗaya, shi yasa zan haɗa komai a nan in faɗi inda na tsaya. Wanda bai gamsu ba ƙofa a buɗe take.

Ga abin da ya tayar da maganar, don waɗanda basu ga farkon ba. Akwai yaro ɗaya cikin masu zuwa koyon aiki shagona nan wajen Wunti a Bauchi, ɗalibi ne a Poly yana zaune Gwallameji, muna haɗa sikelin awon hatsi irin wanda zai yi amfani a kasuwar Muda Lawal. Sai nace masa miƙo min amfilifayar nan mu ɗaura wa sensa, wato ƙarfen da ke jin nauyin kayan. Ya tsaya yana kallona yace Oga, toh ina lasifikar da za mu saka? Yaron nan ba daƙiƙi bane, yana da kai sosai. Amma tunda ya tashi duk inda yaji amfilifaya to akwatin masallaci ne ko na masu kiɗan biki, a kunnensa kalmar ta riga ta auri sauti. Nan na gane aron kalmar ya kawo mana rabin ma'anarta ne kawai ya bar rabi a hanya.

Bari in nuna muku da lissafi me yasa sikeli yake buƙatar abin. Ƙarfen nan da ake ɗora kaya a kansa, galibinsu suna bada milibolt 2 ne (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt) a kan kowane bolt da ka basu, shi ma sai an loda musu kaya har iyakarsu. Ka bashi bolt 5, ka ɗora kilo 50 a kan mai ɗaukar kilo 50, abin da zai fito milibolt 10 ne kacal. Kilo ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin biyar na milibolt. Shi kuma Arduino Uno, 'yar ƙaramar kwamfutar da ke karanta awon, yana yanka bolt 5 gida 1024 ne, kowane taki kusan milibolt 4.9, kaga buhu guda cur taki biyu zai motsa, mudu ɗaya ko a jikinsa. Shi yasa ake saka wani ɗan guntun amfilifaya mai suna HX711 a tsakani, ya ɗauki wannan ɗan mitsitsin sigina ya ninka shi sau 128, milibolt 10 ya koma bolt 1.28, sannan a cikinsa ɗin dai ya juya shi zuwa lambobi ya miƙa wa kwamfutar. Babu sauti ko ɗaya a wannan aikin. Haka abin yake a ma'aunin zafin tanda mai waya biyu, samfurin da ake kira K, da yake bada wajen maikurobolt 41 (maikurobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt) a kan kowane digiri, haka na'urar auna bugun zuciya ta asibiti. Duk amfilifaya ce a ciki kuma babu mai magana.

Toh shi yasa "na'urar ƙara sauti" da mutane da yawa suka kawo ban ɗauka ba, ku yi haƙuri. Ita ce ma ainihin matsalar da muke gudu. "Amsa-kuwwa" kuma tana da mai ita, lasifika ce, kar mu ƙwace mata.

Wani malami daga Gombe, ta wajen Pantami, ya kawo "maƙarfafi". Malam, na daɗe ina juya wannan a raina don tana da daɗin faɗa. Abin da ya hana ni shi ne a kasuwa in kace abu yana ƙarfafa wuta, hankalin kowa sitabilaiza zai tafi ko taransifoma, musamman mu da muke fama da wuta mara ƙarfi kullum. Yaro zai fita daga ruɗanin lasifika ya faɗa na sitabilaiza.

"Mahaɓaki" ita ce ta fi samun masoya, kuma gaskiya kalma ce mai kyau, ginin ta daidai yake. Amma ku gwada ta a bakin aiki ku gani. Mai zana irin wannan haɗin tambayarsa ta farko kullum ita ce sau nawa. Sau 20 ne ko sau 200? Haɓaka bata karɓar lamba, ana haɓaka noma ana haɓaka kasuwanci, ba wanda ke cewa an haɓaka shi 128. Mu kuwa duk sana'ar a kan lambar nan take tsaye.

Ninka kuwa da lambarta take tafe tun asali. Ninki biyu, ninki goma, ribar ta ninka, har kakanninmu suna cewa ninkin-ba-ninki. Daga nan na ɗauko maninki, a kan ginin da muke dashi na sunayen kayan aiki, buɗe ya bada mabuɗi, auna ya bada ma'auni, goge ya bada magogi. Jam'i maninkai kamar mabuɗai. A faɗe shi da karin muryar mabuɗi, duka a sama, ba irin na manomi ba, don kar ya zama mutum mai ninkawa. Abin da ya ƙara saye ni shi ne kalma ɗaya ta biya mana bashi biyu, domin lambar nan da turawa ke kira gen ta samu suna a take, ninki. Ku saurara:

LM386 maninkin sauti ne, ninkinsa 20, in ka saka kafasita tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ninkin ya koma 200.

Na karanta wa yara uku wannan jimlar jiya da yamma, har da ƙaramin da bai gama sakandare ba, ba wanda ya tambaye ni me nake nufi.

Yanzu ga ƙorafe-ƙorafen, don akwai masu nauyi a ciki. Wata 'yar uwa tace ita maninki ninke kayan guga yake tuna mata. Gaskiya ne Hajiya, tushensu ɗaya, in kin ninke zani gida biyu kaurinsa ya zama biyu, daga nan ma'anar lissafin ta fito. Ni ban ga illa a nan ba, wuri ne zai raba, a shagon gyara ba mai kawo zani.

Na biyu ya fi ƙarfi, wani injiniya da ya gama jami'ar ATBU ta Bauchi ne ya kawo shi, yace ai taransifoma ma tana ninka bolt, me zai hana a kira ta maninki. Yallabai wannan tambaya ce ta wanda ya san aiki. Amsata ita ce taransifoma musanya take yi, in ta ninka maka bolt sau goma ta rage maka amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, sau goma, abin da ya shiga shi zai fita har ma da ɗan ragi na zafi. Maninki kuwa yana da rumbun da yake ɗiba, batir ko wutar da aka bashi, siginar da ta shigo umarni kawai take bayarwa. Kuma taransifoma ta riga ta zauna da sunanta a bakin kowa tun daga na kan layi har na cikin caja, ba mai neman canza mata.

A nan ne zan kawo maganar wani dattijo mai gyaran rediyo, tun zamanin rediyo mai kwalba yake sana'ar, a hannunsa na fara riƙe dalma. Ba ya hawa intanet, ni naje na same shi bayan la'asar na karanta masa amsoshinku. Yace ɗana, in kana so yaro ya gane abin nan kai shi sallar idi ta da, kafin lasifika. Liman zai yi kabbara sahun gaba kaɗai ke ji, sai ladan ya ɗauka ya ɗaga ta har sahun ƙarshe. Ladan baya ƙara kalma baya ragewa, kuma ba da numfashin liman yake yi ba, da nasa ƙirjin yake yi. Wallahi shiru nayi, domin Baba ya zuba min darasin sati biyu a magana ɗaya. Abin da maninki ke fitarwa sabon kwafi ne babba da aka gina da wutar batir, yana bin sawun ƙaramin sak. Har iyakar abin ma tana cikin misalin, ladan ba zai wuce abin da maƙogwaronsa zai ɗauka ba, in ya matsa murya ta shaƙe. Ka bawa maninki bolt 5, ka shigar da milibolt 10 ka nemi ninki 1000, lissafi yace bolt 10 amma ina zai samo, sai ya yanke kan siginar a ƙasa da 5. Wannan gwarancin da kuke ji a lasifikar wasu masallatai in an murɗa har ƙarshe, yawanci shi ne.

Baba shi "ma'ishi" yaso a saka, daga isarwa. Ban ɗauka a matsayin babban suna ba saboda ita ma bata ɗaukar lamba, amma ta toshe min wani rami da na kwana ina tunani. Akwai haɗin da ninkinsa 1 ne, bolt ɗin da ya shiga shi ke fita, aikinsa kawai ya ɗauke wa sensa mai rauni nauyi ya isar da saƙon da ƙarfin da zai ja abin da ke gaba. Kiran wannan maninki yana ɗan yi min nauyi a baki duk da cewa amfiya yake ninkawa. Ma'ishi ta zauna masa daram.

Su kuma amfilifaya irin 741 da kamfanin Fairchild ya fitar a 1968, da LM358 da muke saye a nan kullum, ina ganin maninkin lissafi ya dace dasu, tunda asalin irinsu lissafi aka yi su suyi, tarawa da ɗebewa, a kwamfutocin da kafin na lamba su karɓe fage. Ninkinsu na asali yana kai wajen dubu ɗari ko fiye, ba mai iya aiki dashi haka, sai an ɗebo kaɗan daga abin da ya fita an mayar baya an ladabtar dashi, dabarar da Harold Black ya gano a 1927 a Amurka. Razista biyu, masu rage gudun wuta, ke yanke hukunci, 10k da 1k (ɗaya ta ninka ɗayar sau goma) su baka ninki 11, wato ɗaya a tara da goma. Ita wannan mayarwar bayan har yanzu bamu sa mata suna ba, da kuma direba irin L298N mai sarrafa ɗan injin lantarki mai juyawa, don in nace direba yara tasha suke tunawa. Waɗannan sai wani zaren.

Daga Asabar ɗin nan maninki da ninki da ma'ishi zan riƙa amfani dasu a shago, na riga na rubuta su da alli a jikin ƙofa. Malam na Pantami, don Allah kai ma ka gwada da yaranka wata guda, kar ka fassara musu, ka faɗa kawai a cikin aiki ka ga ko za su ɗauka su mayar maka da bakinsu. In sun ƙi ɗauka ka faɗa min a nan, mu koma kan mahaɓaki mu sake dubawa.