Mako shida ina zuwa ajin koyon zane, har yau ba a bar mu mun taɓa kala ba

Umman Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Shekarata 54, bara na yi ritaya daga aikin jinya. Tun ina 'yar firamare nake son zane, amma karatu da aure da renon yara da aikin dare ba su bar ni na riƙe burushi ba sai bana. Na shiga wani aji na manya, duk ranar Asabar, awa biyu, mu tara ne. Ranar da zan fara zuwa ko barcin kirki ban yi ba don ɗoki.

To ga abin da ke damuna. Makon farko fensir kawai muka riƙe. Daga mako na biyu zuwa yanzu, fentin akirilik (wani fenti ne da ake sirkawa da ruwa, mai saurin bushewa) fari da baƙi ne kaɗai a gabanmu. Malamin yakan ajiye farin kofi da ƙwai a kan farin ƙyalle, ya haska musu fitila ta gefe guda, ya ce mu zana. Kafin nan ma sai da ya sa muka yi wani tsani mai hawa tara, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, kowane hawa ya ɗan fi na bayansa duhu. Sau uku ina maimaita tsanin nan. Ƙwan kuwa na zana shi ya kai sau goma sha biyu.

Ni kuma ba ƙwai ya kai ni ajin ba. Akwai wata bishiya da nake hangowa ta tagar ɗakina. Da yamma idan rana ta koma bayanta, gefen ganyayyakin sai ya yi kamar an kunna musu wuta, cikinta kuma ya yi duhu mai shuɗi-shuɗi. Na fi shekara goma ina kallonta idan na dawo daga aiki a gajiye. Ita nake so in zana. Da haƙurina ya ƙare, sai na buɗe kwalin kala goma sha biyu da 'yata ta saya mini na gwada a gida. Duk abin da na haɗa sai ya koma ruwan laka. Koren ya mutu, sararin sama ya yi dauɗa, bishiyar ta zama kamar an manna ta a takarda. Gaskiya na yi ƙwalla a daren.

Shin haka ake koyarwa ko malamin ne ke jan lokaci? Ko in bari in koma YouTube, inda nake ganin ana gama zane mai kyau cikin minti ashirin? Wata a ajinmu ta ce da fentin ruwa na fara da ya fi mini sauƙi. Sannan hannuna yana ɗan rawa idan zan ja layi siriri, har ina tunanin ko na makara.

Mai Burushi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina koyar da manya zane, kuma kukan nan naki ina jinsa kusan duk shekara a daidai mako na biyar ko na shida.

Malaminki bai ɓata miki lokaci ba. Abin da ke sa abu ya fito da jiki a kan takarda shi ne bambancin haske da duhu, kala tana zuwa ne a bayansa. Ki yi wannan gwajin yau: ki ɗauki hoton zanen bishiyarki da waya, ki mayar da shi fari da baƙi. Sannan ki ɗauki hoton bishiyar ta gaske da yamma, ki yi masa haka. Ki jera su. Ina kyautata zaton za ki ga naki duk toka-toka ɗaya ne daga sama har ƙasa, ita kuwa ta gaske sararin sama yana hawa na biyu a tsanin nan naki, gangar jikinta tana hawa na takwas. Wutar nan da kike gani a gefen ganye, duhun da ke maƙwabtaka da ita ne ke kunna ta. Ko rawaya mafi kyau kika saya, idan abin da ke kusa da ita bai yi duhu ba, ba za ta haska ba. Ƙwan da ya ishe ki, wannan darasin yake koya miki.

Ki kuma saba da kanne ido kaɗan idan kina kallon abin da za ki zana. Ƙananan abubuwa sai su ɓace, ya rage miki manyan ɓangarori uku ko huɗu na haske da duhu. Su ake fara sawa.

Maganar laka kuwa, dalilinta sananne ne. Duk lokacin da ja da shuɗi da rawaya suka haɗu wuri guda, ruwan ƙasa ko toka-toka za su bayar. Kore dama shuɗi ne da rawaya, to da ɗigon ja ya shiga, ko da wanda ya maƙale a gindin gashin burushi ne, an gama. Haka ruwan lemo da shuɗi, haka shunayya da rawaya. Ki riƙa ajiye kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke burushi, ɗaya mai tsabta na sirka fenti. Kada ki haɗa fiye da kala biyu da fari a yanzu. Ki duba jikin bututun fentin, akwai 'yan haruffa da lamba: PB29 shi ne shuɗin da ake rubuta wa Ultramarine, PW6 farin titaniyom ne. Bututun da kika ga lamba ɗaya tak a jikinsa ya fi ba da haɗi mai tsabta a kan wanda ke da uku. Kuma ki sani akirilik yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe, don haka abin da kika gani a jiƙe ba shi ne na ƙarshe ba.

Inda zan ga laifin malamin guda ne, idan bai gaya muku inda aka dosa ba. Babba ba yaro ba ne, yana son sanin dalilin abin da aka sa shi. Ki tambaye shi kai tsaye wane mako za a fara kala, da wacce za a fara.

Dattijo Mai Ritaya ya amsa:

Ƙanwata, ni ina da shekara 61 na fara, yanzu shekara bakwai ke nan. Na yarda da Malam Mai Burushi a kan haske da duhu, amma ina da ƙari, domin ina ganin akwai abin da ya tsallake.

Mu ba jarrabawa za mu zauna ba, ba kuma aiki muke nema da wannan abu ba. Mun zo ne don akwai abin da muke gani yana motsa mana rai. Idan aka ce ki ajiye bishiyarki sai kin ƙware, ranar ba za ta zo ba, kuma son zai huce. A ajin da na fara mu goma sha ɗaya ne, waɗanda suka daina zuwa ba don sun kasa ba ne, ɗokin ne ya mutu musu a hanya. Saboda haka ranar Asabar ki yi ƙwan malam da zuciya ɗaya, sauran kwana shida kuma naki ne. Ki zana bishiyar a ƙaramar takarda kamar tafin hannu, minti goma sha biyar, ki rubuta kwanan wata a baya, ki jefa a kwali. Kada ki yaga ko ɗaya. Ni nawa na shekarar farko suna nan, kuma duk lokacin da na ji kamar ba na ci gaba, su nake fitowa da su.

Batun makara, ki cire shi. Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, yana da shekara 40 ya fara zane a 1915, lokacin da ya rasa muƙaminsa yana cikin ƙunci, kuma ya bar zane sama da 500. Akwai wata tsohuwa a Amurka da ake kira Grandma Moses, ɗinkin ado take yi har ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allura, sai ta koma fenti tana dab da shekara 80. Ta ci gaba da yi kusan har rasuwarta a 1961 tana da shekara 101. Ban kawo su don ki yi suna ba, sai don ki ga hannu yana koyo muddin ana ba shi aiki.

Rawar hannu ni ma ina da ita. Na lura tana ƙaruwa idan na riƙe burushi kusa da gashinsa kamar biro, na sunkuya ina riƙe numfashi. Ki riƙe shi can baya, ki tsaya a tsaye idan za ki iya, motsin ya fito daga kafaɗa. Ki ɗauki burushin da ya fi wanda kike so girma. Idan layi siriri ya zama dole, ki dafa ɗan yatsanki ƙarami a busasshen wuri, ko ki gitta sanda a gaban allon ki ɗora wuyan hannu a kai. Masu zane sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da sandar nan.

Fentin ruwa shi nake yi, ina kuma sonsa, amma wadda ta ce miki ya fi sauƙi ba ta gaya miki duka ba. Sauƙinsa a wanke kaya ne. Farinsa farin takarda ne, idan kika rufe shi ya tafi. Yana bushewa ya yi haske fiye da yadda kika sa shi, kuma takarda idan ba mai kauri ba ce, irin wadda ake rubuta wa nauyin giram 300, sai ta kumbura ta tattare. Akirilik kuwa kina kuskure, ki jira 'yan mintoci ya bushe, ki shafe da wani. Ki zauna a kansa tukuna.

Mai Son Shuɗi ta amsa:

Umma, sannu da ƙoƙari. Ni na taɓa barin wani aji, kuma ban yi nadama ba, don haka bari in faɗi abin da ya kore ni ko zai taimaka miki wajen auna naki. Malamar takan zo bayana, ta karɓe burushin daga hannuna, ta gyara zanen da kanta. Ina komawa gida da abu mai kyau, amma ban san yadda aka yi ba, kuma ba nawa ba ne. Wata uku ina haka. Malamin da nake wurinsa yanzu ba ya taɓa aikina. Zai tambaye ni ina ne wuri mafi duhu a abin da nake kallo, in nuna, ya ce to ina yake a takardarki. Idan zai nuna mini wani abu, a wata takarda daban yake yi.

Naki malamin yana zagayawa ya tsaya a kan kowa? Yana faɗa miki abu takamaimai, ko "ya yi kyau" kawai? Idan yana yi, ki riƙe shi.

YouTube ina kallo sosai, amma bidiyo ba ya ganin takardarki. Kuma yawancinsu kwaikwayo ake yi, sa wannan nan, sa wancan can. Na yi zane wajen ashirin a haka, ranar da na ajiye kofi a gabana na rasa ta inda zan fara.

Ƙari ɗaya, ko nan gaba za ki yi sha'awar fentin mai: yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, kuma tina, ruwan sinadarin nan da ake wanke burushinsa da ita, tana son ɗaki mai iska. Tsumman da ya jiƙe da man linsid, wato man da ake haɗa fentin da shi, kada a dunƙule shi a jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Umman Yara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bari sai da na gwada kafin in dawo.

Malam, na yi gwajin waya. Abin da ka faɗa haka yake, har na daɗe zaune ina kallon hotunan biyu. Sararin samana da bishiyata kusan hawa ɗaya suke. Ashe tsoron duhu nake yi, duk inda ya kamata in sa mai duhu sai in sirka shi da fari don kada in ɓata.

Ranar Asabar na tambayi malaminmu. Ya ce a mako na takwas zai ƙara mana kala biyu kacal, shuɗin nan Ultramarine da wani ruwan ƙasa mai ja-ja, Burnt Sienna, domin shuɗin kala ce mai sanyi a ido, ruwan ƙasan kuma mai ɗumi, kuma idan aka haɗa su suna ba da duhu mai rai wanda ya fi baƙin bututu. Ya ce da ya san abin na damunmu da ya yi bayani tun farko. Sai ga mutum huɗu sun ce su ma abin na cin su, kowa ya yi shiru ne. 'Yata Mai Son Shuɗi, yana zagayawa, kuma bai taɓa karɓar burushina ba, sai yanzu na san darajar hakan.

Yaya, na bi shawararka. Bishiya biyar ke cikin kwali yanzu, da fari da baƙi na yi su, da babban burushi, a tsaye. Hasken da nake so bai fi minti ashirin yake yi ba kafin ya tafi, don haka nakan matse fentin in shirya ruwa tun kafin rana ta sauka. A ta huɗun na daure na sa cikin bishiyar ya yi duhu sosai, na bar siririn fari a gefe, sai ga shi yana haskawa ba tare da ɗigon rawaya ba. Ta biyar ta lalace, fentin ya bushe mini a faranti kafin in kai rabi. Malam, akwai dabarar da ake yi wa akirilik don ya daɗe a jiƙe?

Mai Burushi ya amsa:

Akwai, Hajiya. Ki sami roba mai murfi mara zurfi, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen soso siriri ko tishu ninki uku a ƙasa, ki ɗora takardar da ake gasa kek a kanta, irin wadda ba ta jiƙewa da wuri, a kai, ki matse fentin a kanta. Danshin yana ratsowa a hankali, idan kin rufe zai iya kai miki gobe. Ki kuma ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa a kusa, ki riƙa fesawa kaɗan. Idan kin yi ta shida, ki ɗora mana ita tare da ta farko mu gani.