Psycho ko The Exorcist: Wanne Darakta Ne Ya Fi Iya Tsoratarwa?

Ɗan Kallo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sake kallon Psycho na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1960, da The Exorcist na William Friedkin na 1973, sai na lura cewa na farkon yana burge ni, amma na biyun ne ya hana ni barci. Shin bambancin daga salon daraktocin yake, ko kuwa daga mai kallo?

Tsohon Ɗan Sinima:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina Hitchcock ya fi gwaninta, domin ɓoyewa yake yi ya bar zuciyarka ta ƙarasa sauran. Dubi kisan da aka yi a wurin wanka: hoton fari da baƙi ne, kusan ba a nuna wuƙa tana shiga jiki ba, sai yanke-yanken hoto cikin sauri da kukan gogen da Bernard Herrmann ya tsara, amma mutum zai rantse ya ga komai da idonsa. Ya kuma kashe tauraruwarsa, Janet Leigh, tun labarin bai yi rabi ba, har ya sa gidajen sinima suka hana kowa shiga bayan an fara nunawa.

Mai Nazari:
Malam, ban musa gwanintarsa ba, sai dai Friedkin ya ɗauki hanyar da ta fi wuya. Da finafinan labarin gaskiya ya fara aiki, shi ya sa ya daɗe yana nuna uwa tana yawo da 'yarta mai shekara 12 daga wannan likita zuwa wancan, kafin ta nemi malaman coci. Har sanyaya ɗakin yarinyar ya sa aka yi don tururin numfashin 'yan wasan ya fito a hoto. Masu kallo sun yi ta suma a sinima, kuma shi ne fim ɗin tsoro na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar.

Ɗan Kallo:
Na gode muku. Ina jin matsalata ita ce, a ƙarshen Psycho likitan ƙwaƙwalwa ya fito ya bayyana cutar Norman Bates, wato makashin da ke cikin fim ɗin, hankalina ya kwanta. Aljanin da ya shiga Regan, yarinyar The Exorcist, kuwa, babu likitan da ya gano kansa.